TAƘAITACCEN TARIHIN BAWAN ALLAH DOKTA ANDREW P. STIRRETT, BATURE MAI MAGANI (1865 – 1948)

Muna yi wa Allah Uba godiya, shi da ya kiyaye mu har muka ga wannan rana ta cikar ikkilisiyarmu shekara 50. Kwamitin shirya biki ya ga ya dace a sa tarihin bawan Allah guda ɗaya cikin wannan littafi, domin baƙinmu su karanta, 'ya'yanmu kuma su ajiye. Da aka ɗora mana wannan aiki sunaye da dama sun zo mana, amma muka tsaya a kan Dokta Andrew Park Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Bature Mai Magani. Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda iyayenmu suka buɗe ran da suka fara taruwa a wannan gari ya bi ta hannun wannan mutum. Duk da haka yawancin matasanmu na Sabon Birni da Isa ba su taɓa jin sunansa ba. Muna zaton da shi aka tambaya, da bai damu da haka ba ko kaɗan, kuma wannan hali nasa shi ne abin da muke so mu nuna.

HAIHUWARSA DA KIRANSA

An haifi Stirrett a shekara ta 1865 a lardin Ontario na ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kasuwancinsa a birnin Toronto, Allah kuwa ya sa wa abin albarka. Ya mallaki kantunan magani da gidaje, ya kuma shiga karatun likita. A idon duniya ya riga ya sami wurin zama.

A waɗannan shekaru akwai wani abu da ke gudana wanda shi bai da hannu a ciki tukuna. A watan Disamba na 1893 samari uku, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wadda ƙasar Hausa take tsakiyarta. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke kā da shi, aka mai da shi. Sai a karo na uku ne wasu mutum huɗu suka iya kafa tasha a Patigi, a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe, a 1902. Wannan ita ce mishan da aka sani daga baya da sunan Sudan Interior Mission, ko SIM.

Bingham ya rubuta wata 'yar ƙasida a kan nawayar da ke zuciyarsa saboda mutanen wannan ƙasa. Ƙasidar ta faɗa hannun Stirrett, ya karanta, barci ya gagare shi. Ya je ya miƙa kansa. Amma shugabannin mishan suka yi ta jan ƙafa, gama ya kai shekara 37, a ganinsu kuwa mutum mai waɗannan shekaru ba zai iya koyon sabon harshe ba, ba kuwa zai jure zafin ƙasar da ta cinye samari ba.

A nan ne halin mutumin ya fara bayyana. Bai yi fushi ba, bai kuwa tafi ya kafa tasa ƙungiya ba, ko da yake yana da kuɗin yin haka, su kuwa masu jan ƙafar ba su da ko na jirgi. Sai ya tattara dukiyarsa ya danƙa wa mishan ɗin da ba ta riga ta karɓe shi ba. Shi kansa ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu ya haye zuwa Ingila. A birnin Libaful ya yi ɗan karatu a kan cututtukan ƙasashe masu zafi. Daga can aka yarda ya zo bisa gwaji, ya iso Nijeriya wajen ƙarshen 1902, ya tarar da 'yan'uwa a Patigi.

Hausawa sukan ce kowa ya ƙone rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Lalle abokan kasuwancinsa sun ɗauka ya ƙone rumbu ne kawai. Mu da muka karanta Markus sura 10 mun san wani mai arziki da aka gaya masa ya sayar da abin da yake da shi, ya tafi yana baƙin ciki. Stirrett ya ji kira irin wannan, ya amsa. Amma abin da ya fi ba mu mamaki ba bayar da dukiyar ba ne. Mun sha ganin masu bayarwa da yawa a ranar ƙaddamarwa, waɗanda in ba a kira sunansu da lasifika ba, ko ba a ba su kujerar gaba ba, sai a ji labari. Shi ya ba da dukan abin da yake da shi, sa'an nan ya yarda a gwada shi kamar ɗan koyo.

PATIGI DA WUSHISHI

Shekarun farko sun yi wuya ƙwarai. Cikin mutum huɗun da suka kafa Patigi, ba a daɗe ba ɗaya ya mutu, biyu kuma aka mai da su gida saboda ciwo. Wanda aka ce ya tsufa, shi ne ya zauna shekara 46.

Ilimin da ya samo ya taimaka. A 1897 ne wani likita mai suna Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin da ke kashe mutane, a 1898 kuma aka kafa makarantar Libaful inda Ross ya koyar. Gowans da Kent sun mutu kafin a san wannan. Stirrett ya zo da saninsa, ya dage wa abokan aikinsa a kan shan kwinin da kiyaye kai daga sauro. Daga baya ya rubuta littafin magani domin ma'aikatan da ke zaune a ƙauyuka inda babu likita, su duba su taimaki kansu da maƙwabtansu. Ba a cika yin wa'azi a kan irin wannan hidima ba, amma rayuka da yawa sun tsira ta wurinta.

A 1904 aka buɗe tasha a Wushishi, kusa da Zungeru inda Gwamna Lugga yake zaune a lokacin. Hanyar fatake ta bi ta nan. Ayarin Hausawa masu jakuna da kanwa da goro da tufafi sukan yada zango su kwana, su tashi da asuba. A waɗannan zangon ne Stirrett ya koyi Hausa, a nan kuma ƙaunar Hausawa ta kama shi, ba ta sake shi ba har kabari. Yakan je wurinsu da yamma da akwatin maganinsa. Mai gyambo a wanke masa, mai ciwon ido a ɗiga masa, mai haƙori a duba shi, sa'an nan ya zauna ya gaya musu labarin Yesu da Hausar da yake da ita. Gobe ayarin ya wuce, wani ya zo. Yawancinsu bai ƙara ganinsu ba. Su ne suka raɗa masa suna, suka kuma kai sunan garuruwan da ƙafarsa ba ta isa ba.

Sai mu lura da sunan. A zamanin nan Bature yana nufin mai iko: mai karɓar haraji, mai yanke hukunci, wanda ake ɗauka a amuku, ake faɗuwa a gaishe shi. Akwai Bature mai bindiga, akwai Baturen ciniki. Wannan kuwa da abin da hannunsa ke yi wa marasa lafiya aka san shi. Gajere ne, ba shi da wani kwarjini na jiki, bai kuma yi aure ba har ya mutu. Kayansa kaɗan ne.

ƘOFA A RUFE

Abin da ya fi so a duniya shi ne ya zauna a tsakiyar ƙasar Hausa. Wannan kuwa shi ne abin da aka hana shi. Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Lugga kuma ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. Bisa ga yadda jami'an mulki suka fassara wannan alkawari, aka tsare 'yan mishan daga yawancin ƙasashen sarakunan Musulmi har wajen shekara 30. Waɗanda suke cewa bishara ta shigo Arewa a kan dokin Bature mai mulki, ya kamata su sāke duba tarihi. A wannan yanki namu, mai mulkin ne ya tare hanya.

To, me mutum zai yi in an kira shi zuwa wani gida, ya iso ya tarar da ƙofa a kulle? Waɗansu sukan koma. Waɗansu sukan tsaya suna zagin mai gida. Stirrett ya zauna a bakin ƙofa yana yi wa duk mai fitowa hidima. Hausawa matafiya ne, ba sa zama wuri ɗaya. In ba a bar shi ya je Kano ba, Kano za ta zo wurinsa a zango, a tashar jirgin ƙasa, a kasuwa, daga baya kuma a filayen haƙar kuza na Jos, inda dubban 'yan ci-rani suke zuwa daga Katsina da Sakkwato da Zamfara da Gobir. Da mishan ta mai da hedkwatarta Jos a shekarun 1920, kasuwar Jos ta zama majami'arsa. Kowace rana yana can yana wa'azi. Douglas Percy, wanda ya rubuta tarihinsa a 1948, da sauran waɗanda suka san shi, sun ƙiyasta cewa ya yi wa'azi wajen sau 20,000 a rayuwarsa. Waɗanda ya gani da idonsa sun ba da gaskiya daga cikin Hausawa ba su da yawa in aka gwada da wannan adadi. Bai daina ba.

Asirin wannan jimiri yana cikin wata al'ada da kowa ya san shi da ita. Kafin ƙarfe huɗu na asuba ya riga ya tashi yana addu'a, tun ladan bai kira assalatu ba. Haka ya yi shekara da shekaru. Mu da muke zaune cikin maƙwabta masu tashi sallar asuba kowace rana, damina da hunturu, bai kamata a ce sai Lahadi kaɗai ake jin motsin addu'a a gidajenmu ba.

Akwai kuma wani abu. Guy Playfair ya zo filin aiki shekaru bayan Stirrett, kuma ƙaninsa ne nesa ba kusa ba. A 1917 aka naɗa Playfair shugaban aikin mishan a nan ƙasar, a 1944 kuma ya gāji Bingham a shugabancin SIM duka. Dattijon da dukiyarsa ta tallafi mishan tun tana jaririya ya yi aiki a ƙarƙashin wannan ƙane fiye da shekara 30. Duk wanda ya taɓa zama a taron zaɓen shugabannin gunduma ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mun ga ikkilisiyoyi sun rabu biyu a kan abin da bai kai haka ba.

LITTAFI MAI TSARKI NA 1932

Aikin da ya fi kowanne daɗewa cikin ayyukansa shi ne wanda sunansa bai fito a kai ba. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ta ɗauki shekaru masu yawa. Jagoran aikin shi ne Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, mutum mai zurfin Hausa ƙwarai. Aka kafa kwamiti na mishan dabam dabam domin a duba aikin tare, Stirrett kuwa yana cikin waɗanda suka fi ba da ƙarfinsu. Ba za mu manta da Hausawan da suka zauna tare da su ba, masu bi na farko da malamai, waɗanda ake tambaya ko kalma ta zauna daidai a kunnen Bahaushe. In ban da su da Hausar ta fito da ƙafar Turanci.

Wanda bai taɓa yin fassara ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Wace kalma za a sa wa alheri, wace ce za a sa wa fansa, wace ce za a sa wa tawali'u? In aka ɗauki kalmar da malaman Musulunci suke amfani da ita, za a gane ta da sauri, amma tana iya zuwa da wata ma'ana a goye. In aka ƙirƙiro sabuwa, ba wanda zai gane. Akan yini a kan aya guda. Ga kuma bambancin ɗarika, wannan Angilikan ne, wancan ba ya yi wa jarirai baftisma, kowa da abin da ya saba. Irin wannan zama ba ya yiwuwa sai da mutanen da suka iya barin ra'ayinsu in an kawo wanda ya fi shi. A 1932 ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta buga cikakken littafin, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna.

Wannan littafi ya shiga inda aka hana masu shi shiga. Ya zama littafin ikkilisiyoyin Filato da Kudancin Zariya da Bauci da Adamawa, na kabilu masu yawa waɗanda Hausa ce ta haɗa su. Shi ne aka karanta a nan har sabuwar fassara ta fito a 1979, har yau ma akwai tsofaffinmu da ba su yarda da wata ba sai tsohuwar. Ya kuma sa hannu cikin waƙoƙin sujada na Hausa. Sau da yawa muna raira abin da waɗannan bayin Allah suka wahala a kai ba tare da mun san ko su wane ne ba.

YADDA AIKIN YA MATSO ƘASAR GOBIR

'Ya'yanmu sun san cewa Gobir ɗaya ce ko da yake iyaka ta raba ta. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga gidan sarautar Tsibiri ne Ɗan Halima ya fito ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, sai wa ya zama ɗan Nijar, ƙane ya zama ɗan Nijeriya, amma aure da kasuwa da zumunci ba su san da layi ba.

Ta wancan gefen ne aikin ya fara kusato mu. SIM ta shiga Damagaram a 1924, kafin 1930 kuma ta kafa tasha a Tsibiri, inda David Osborne ya yi aiki shekaru da yawa, aka kuma buɗe Maraɗi a 1940. A gefen Nijeriya kuwa ƙofa ta fara buɗuwa a shekarun 1930. Mishan ta sami wuri a Kano a 1933. Bayan 'yan shekaru hukumomin gargajiya suka danƙa mata kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943.

A duba da kyau ta wace ƙofa aka shigo. Shekara 30 ana roƙo a bar masu wa'azi su shiga, ba a bari ba. Abin da ya buɗe hanya shi ne yarda da aka yi a taɓa waɗanda ba mai son taɓawa. A lokacin babu maganin kuturta mai ƙarfi irin na yanzu, sai allurar wani mai mai zafi, da wanke miki, da ɗaure shi, yau da gobe. Ubangijinmu a daren da aka bashe shi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza, kamar yadda Yohanna sura 13 ta nuna mana. Kwano da tawul ɗin nan su ne suka shiga lardin Sakkwato kafin mumbari ya shiga. Hanyar da Stirrett ya bi a zangon Wushishi da akwatin magani, ita ce mishan duka ta bi daga baya.

Ba muna cewa 'yan mishan mala'iku ne ba. Tarihi ya nuna SIM ta yi jinkiri wajen ba masu bi ilimin zamani mai zurfi, musamman a Nijar, ta kuma yi jinkiri wajen sakin ragama ga 'yan ƙasa. Akwai waɗanda suka zo da girman kai irin na zamaninsu, suna wa'azin tawali'u daga kan baranda. Wannan ne ma ya sa ake tunawa da irin su Stirrett dabam. Mutanenmu ba su da wuyar gane wanda ya ɗauke su mutane.

ABIN DA YA SHAFE MU YAU

'Yan'uwa ƙaunatattu, muna wannan biki ne da hawaye a ido ɗaya. Tun 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A watan Disamba na 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a kan hanyarmu. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Gonaki da yawa sun koma saura. Kujerun da babu kowa a kansu a majami'armu yau, mun san masu su, mun san kuma abin da ya tashe su. Ba mu ga laifin wanda ya kwashe iyalinsa ya tafi ba.

Amma ga waɗanda suka rage, tambaya tana nan: mene ne aikin 'yar ƙaramar ikkilisiya a wuri irin wannan? Yawancin waɗanda aka kashe, da gwaurayen da aka bari, da marayun da ke kwana a makarantu da kangaye, maƙwabtanmu ne Musulmi. Da su muke cin kasuwa, rijiya ɗaya muke sha, da yawa sun tsaya mana a ranar wahala. Jaraba tana zuwa mana ta hanya biyu. Ta fari ita ce mu ja ƙofa mu ce mu 'yan kaɗan ne, bari mu kula da namu. Ta biyu ita ce mu yi taimako da ƙugiya a ciki, mu ba da kwanon hatsi muna jiran a biya mu da shiga majami'a. Bature Mai Magani bai ɓoye bangaskiyarsa ba ko sau ɗaya, ya faɗe ta a fili a tsakiyar kasuwa. Amma falken da ya wanke wa gyambo ya tashi da asuba ya tafi da addininsa, gobe kuwa an wanke wa na bayansa.

Mun san zumuntar mata tana dafa abinci tana kai wa 'yan gudun hijira ba tare da an sa su ba. Mun san ma'aikatan lafiya daga cikinmu da suka ƙi neman canjin wurin aiki alhali suna da hanyar samu. Ba za mu kira suna ba, su ma ba za su so ba. A cikin shekara 50 ɗin nan, irin waɗannan ne suka riƙe ikkilisiya: mai sharar majami'a ran Asabar, mai bishara da ya yi shekaru yana taka sayyada zuwa ƙauye albashinsa bai isa mudu goma ba, dattijuwar da ke kwana da mai naƙuda ko ta wane gida ce. Hotunansu ba su cika shiga littafi irin wannan ba.

Mu masu riƙe da mumbari kuma, maganar ta fi kama mu. Zamani ya zo da yawan laƙabi. Kafin a kai ga sunan mai wa'azi a takardar gayyata sai an wuce layi biyu. Akwai masu koyar da cewa alamar albarka ita ce mota da babbar riga. Manzo Bulus a Filibiyawa sura 2 ya nuna mana wata hanya dabam, ta wanda yake daidai da Allah amma ya ɗauki surar bawa, ya yi ta sauka har mutuwar gicciye. Stirrett ya fara daga inda masu wa'azin arziki suke so su ƙare, ya bar wurin da ƙafarsa.

ƘARSHEN KWANAKINSA

Tsufa ya zo, ƙarfi ya ragu, amma bai koma Kanada ya huta ba. Ya ga mutuwar Bingham a 1942. Ya ga ƙofofin Kano da Katsina da Sakkwato da ya yi shekara 30 yana addu'a a kansu sun buɗe, ko da yake matasa ne suka shiga suka zauna, shi kuwa ya ci gaba da fita kasuwar Jos kamar kullum. Yana cikin aiki har kwanakinsa na ƙarshe. A watan Yuli na 1948 Ubangiji ya kira shi gida a Jos, yana da shekara 82. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai bar gida ko gona ba.

Abubuwa da yawa da muke gani yanzu bai gan su ba. A ƙarshen shekarun 1940 ne masu bi 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda ta zama EMS. An buɗe asibitin Galmi a 1950, shekara biyu bayan rasuwarsa, inda mutanen Gobir da Adar da Konni suke zuwa neman magani har yau. Wurin kula da kutare na Danja kusa da Maraɗi ya biyo baya a 1956. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM a Nijeriya suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma mishan ta danƙa mata sauran ayyukan da ke hannunta. A cikin waɗannan shekaru ne iyayenmu, ma'aikata da 'yan kasuwa da manoma kaɗan, suka fara taruwa a wannan gari ran Lahadi, a ɗakin da ba shi da kujeru, da Littafi Mai Tsarki na 1932 a hannun mai karatu.